Ina ruwan Bakano da yashin bakin teku?

Duk damina sai irin wannan bidiyon ya zagayo. Teku ta hauro wani ƙauyen masunta a gabashin Legas ko a yankin Ilaje na jihar Ondo, ta cinye rabin makaranta, bishiyoyin kwakwa sun kwanta saiwa a sama, mutanen gari suna tsaye cikin ruwa iya gwiwa suna roƙon gwamnatin tarayya ta kawo ɗauki. Da na bana ya iso wata majalisa a bakin Kantin Kwari, waya ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, kuma maganar da aka fi gyaɗa wa kai ita ce ta wani dattijo mai sayar da shadda: "Alhaji, yanzu kuɗin ƙasa za a kwasa a zuba wa teku? Ba ku ga yadda zaizaya ta ci gidaje a Bulbula da Gayawa ba? Wanda ya yi gini a bakin ruwa ai shi ya jawo wa kansa."

Maganar tana da daɗin ji, kuma ba ta rasa gaskiya a gefe ba. Amma ta kauce wa ainihin batun.

Matsayina shi ne gwamnati ta biya. Sai dai ba kowane irin biya ba. Kuɗin ya fito daga abin da tashoshin jiragen ruwa suke tarawa, domin su ne suka tare hanyar yashin. Aikin kuma ya zama na dindindin: duk yashi mai kyau da aka yaso daga mashigin jirage a kai shi gaɓar da ke zaizayewa. Sannan kada a biya ɗan kwangila sisi sai a kan abin da aka auna a ƙasa. In babu waɗannan ukun, ina tare da mai shadda.

Gaɓar Legas yashi ne mai tafiya

Daga iyakarmu da Jamhuriyar Benin har gabashin Lekki, abin da ya raba teku da tafkunan Legas wani siririn tudun yashi ne, kamar 'yar ganuwar ƙasa da manomin fadama yake ɗagawa tsakanin ruwa da shukarsa. A kansa Victoria Island da Lekki suke zaune. Ba dutse ba ne, yashi ne zalla, kuma ba a tsaye yake ba.

Igiyar ruwa a wannan gaɓar daga kudu maso yamma take tasowa, don haka a karkace take dukan ƙasa. Kowace igiya sai ta tura ɗan yashi gabas. Idan aka tara na shekara, masu bincike suna ƙiyasta shi tsakanin kubik mita rabin miliyan zuwa miliyan ɗaya. A lissafin tifa mai cin kubik mita 10, ƙaramin adadin ma tifa 50,000 ne, wato kusan tifa 140 kullum suna wucewa ta ƙarƙashin ruwa ba direba. Muddin abin da ya shigo ta yamma ya kai wanda ya fita ta gabas, gaɓa tana nan inda take. Ranar da aka tare hanya, ɓangaren gabas zai ci gaba da sallamar nasa yashin, na maye gurbi kuma ba zai zo ba.

Abin da ya faru ke nan. A wajejen 1908 Turawa suka fara jera katangun dutse a bakin mashigin Legas, ɗaya ta yamma ɗaya ta gabas, suka miƙa su cikin teku don yashi ya daina toshe hanyar jirage. Kafin nan manyan jirage a waje suke tsayawa a riƙa sauke kaya cikin ƙanana. A 1914 babban jirgi ya samu shiga har ciki. Katangar yamma ta tare yashin, gaɓar wancan ɓangaren ta yi ta faɗaɗa. Gaɓar gabas kuwa, wadda aka sani da Bar Beach, ta yi ta ramewa, a wasu shekarun ana asarar mita 20 zuwa 30. Tun daga 1958 gwamnati ta riƙa zuba mata yashi jefi-jefi, teku tana kwashewa, har ruwa ya riƙa haurowa titin Ahmadu Bello.

Daga baya, a 2008, aka fara aikin sabon birnin Eko Atlantic: aka cike wurin da teku ta cinye, aka kewaye shi da katangar da aka tsara tsawonta ya kai kilomita 8.5. Wannan ya tsare Victoria Island, babu musu. Amma katanga ba ta haihuwar yashi. Yunwar tana nan, gaba kawai ta matsa, zuwa Alpha Beach da Okun-Ajah da ƙauyukan da ke bayansu. Mazauna can suna ɗora laifi a kan sabon birnin, masu birnin suna musantawa. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, asalin ciwon ya girme su duka da shekara ɗari.

Mu ma mun ci ladan kuturu

Mu koma kan tambayar majalisa. Shekarun da ake jera waɗancan duwatsun su ne shekarun da layin dogo ya iso Kano, a 1911, aka buɗe shi ga fatauci a 1912. Gyaɗar da ta zama dala, da fatu da ƙiraga, da audugar Arewa, ta wannan mashigin suka fita duniya. Yau kuma ta nan, ko ta sabuwar tashar Lekki, kwantenar atamfa da shadda da kayan masarufi take shigowa kafin ta iso Kwari da Singa. Tashar Tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023 ba ta da wani amfani idan babu tashar ruwa a ɗaya ƙarshen.

Wato mu muke cin moriyar katangar, masunci a Okun-Ajah yake biyan kuɗinta da ɗakin kwanansa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma wannan masuncin ba shi ya je ya yi gini a bakin ruwa ba. Kakanninsa nesa da ruwa suka gina garin, ruwan ne ya tako ya same su.

Batun Bulbula da Gayawa kuma, ai hujja ce a kanmu. Zaizayar Arewa da kuɗin jama'a ake yaƙar ta. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja rance ne daga Bankin Duniya, kuma lokacin biya ba za a ware harajin ɗan Legas a ce ban da shi ba.

Yadda ake aikin

Hanyar jirage ba ta zama da zurfinta. Yashi yana zagayo ƙarshen katanga ya faɗa ciki, don haka dole a yi ta yasa, ko ana maganar gaɓa ko ba a yi. Wannan kuɗin ana kashe shi dama. Al'adar tashoshi da yawa a duniya ita ce jirgin yasa ya cika cikinsa, ya fita can cikin teku mai zurfi, ya buɗe ƙofofin ƙasa ya zubar, saboda ya fi arha. Yashin da ya tafi can ya tafi ke nan, igiya ba ta iya dawo da shi. A Legas kuma akwai wata hanyar ɓatan: yashi haja ce mai tsada wajen masu cike fadama su yanka filaye. Abin da ake nema a nan shi ne a biya ɗan bambancin da ke tsakanin zubarwa da kaiwa gaɓa.

Matakin farko awo ne. Ƙaramin jirgi mai na'urar auna zurfi da amsa-kuwwa yana bin mashigin layi-layi, a fitar da taswirar inda yashi ya taru da yawansa. A gaɓar da za a gyara kuma ana yanka layukan awo, misali kowace mita 100, daga tudu har cikin ruwa zuwa zurfin da igiya ta daina motsa ƙasa.

Na biyu shi ne duba irin yashin, kuma a nan ayyuka da yawa suke mutuwa tun ba a fara ba. Duk birkila a Kano ya san yashin filasta daban, yashin bulo daban. Ana huda ƙasan mashigin a ciro samfur, a busar, a tankaɗe ta jerin rariya, a gwada girman ƙwayarsa da na gaɓar. Idan ya yi daidai ko ya ɗan fi kauri, zai zauna. Idan ya fi laushi, damina ɗaya ta isa ta wanke shi. Idan laka ta yi yawa a ciki, ya wuce kamar kashi 10 cikin 100, ruwa zai dagule, ƙananan halittun da kifi ke ci su mutu, gaɓar kuma ta daskare kamar daɓe. Abin da aka kwaso daga can cikin tasha, kusa da inda jirage ke tsayawa, galibi baƙar laka ce mai haɗe da mai da dattin masana'antu. Wannan ba ta zuwa gaɓa ko kyauta ce. Yashin bakin mashigi da na gefen katanga shi ne abin nema.

Na uku jirgi. Iri biyu ne aka fi amfani da su. Akwai mai rumbu, wanda yake tafiya yana jan bututun zuƙa a ƙasan ruwa, ya tara yashi a cikinsa, ya je kusa da gaɓa ya haɗa da bututu mai yawo a kan ruwa ya tura. Shi ne ya dace da bakin mashigi, don yana jure igiya kuma ba ya tare wa sauran jirage hanya. Akwai kuma mai haƙori, wanda yake kafewa wuri ɗaya yana karta ƙasa yana turawa kai tsaye ta bututu. Ya fi sauri a ruwa mai kwanciya, amma igiya mai ƙarfi tana hana shi aiki. Idan nisan bututu ya kai 'yan kilomitoci sai an sa injin ƙarin ƙarfi a tsakani, in ba haka ba yashi ya kwanta a ciki ya toshe, a kwana biyu ana kwance ƙarfe.

Abin da ke fitowa daga bakin bututun ruwa ne ya fi yawa, kamar kunu mai ruwa-ruwa. Don haka katafila take fara ɗaga ganuwar yashi a gefen teku, ruwan ya bi ta bayanta a hankali, yashi ya kwanta, ruwa ya tsiyaye. In ba a yi ganuwar ba, rabin kayan zai koma inda ya fito ana kallo. Daga nan a baje, a daidaita tsayinsa da na gaɓar asali. Idan aka ɗaga shi fiye da kima, igiya za ta yanke shi ya zama gangare mai tsayin mutum, masunta su kasa jawo kwalekwalensu.

Nawa ake buƙata? Lissafin ba shi da wuya. Faɗin da ake so a ƙara, a ninka shi da tsayin gaɓa a saman ruwa haɗe da zurfin da yashi ke motsi a ƙasa. A ƙaddara tsayin mita 2 ne, zurfin mita 8, ana son ƙarin faɗin mita 30. Kowace mita ɗaya ta gaɓa za ta ci kubik mita 300, kilomita ɗaya 300,000, tifa 30,000 ke nan. Jirgi mai rumbun kubik mita 5,000 zai yi sawu 60. Wannan ya isa ya nuna dalilin da ya sa ba a yin aikin da mota, ya kuma nuna cewa duk wanda ya ce zai gyara kilomita goma da 'yan tifofi wasa yake da hankalin mutane.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Tekun Legas ta fi haukacewa daga Yuni zuwa Satumba. Da rani ake aikin. Kasafin da ba a saki kuɗinsa ba sai ruwa ya sauka, jirgi zai zauna ana biyan hayarsa kullum yana jiran igiya ta lafa.

"Ai teku za ta sake kwashewa"

Za ta kwashe. Duk wanda ya ce ba za ta kwashe ba yaudara yake.

Amma kwashewar iri biyu ce. Ta farko ba asara ba ce. Katafila a saman ruwa kawai take iya aiki, don haka ana jibge yashin duka a sama, a bar wa igiya ta rarraba shi zuwa ƙasan ruwa. Cikin shekarar farko faɗin da ido ke gani yana iya raguwa da kusan rabi. Ɗan jarida zai ɗauki hoto ya ce aiki ya lalace, alhali yashin yana nan a ƙarƙashi yana karya ƙarfin igiya kafin ta iso. Ta biyu ita ce tafiyarsa gabas, kuma wannan ma ƙauyen gaba yake ciyarwa. Dalilin ke nan ake sake zubawa bayan 'yan shekaru.

Ba mu taɓa cewa a daina yashe magudanar Jakara don bara an yashe ta kuma ta sake cika ba. Kuskuren da aka yi a Bar Beach na tsari ne: a jira ruwa ya hau titi, a yi ihu, a ba da kwangilar gaggawa, a manta sai wani ihun. Aikin gaggawa kullum ya fi tsada, domin kawo jirgin yasa da bututunsa daga wata ƙasa kaɗai kuɗi ne mai yawa kafin a zuƙo ƙwaya ɗaya.

Waɗanda suka ci nasara ba su fi mu injin ba, sun fi mu naci ne. A Durban ta Afirka ta Kudu tashar jirage ta tare yashin da ke tafiya arewa, sai aka yi rami a gefen kudu yana taruwa, jirgin hukumar tashar yana kwasowa, ana tura shi ta bututu zuwa gaɓar birnin. A bakin kogin Tweed na Ostireliya, tun 2001 famfunan da aka kafa a kan wata doguwar gada suke zuƙe yashi daga gefe ɗaya su tura ɗaya gefen, kimanin kubik mita 500,000 a shekara, kusan daidai da ƙaramin ƙiyasin Legas, kuma jihohi biyu ne suka haɗa kuɗin. Holan ta yanke shawara a 1990 cewa gaɓarta ba za ta ƙara ja da baya ba, tana zuba kimanin kubik mita miliyan 12 duk shekara kamar yadda ake biyan albashi. Jihar Fulorida a Amurka kuma doka ta yi: yashi mai kyau da aka yaso daga mashigi, gaɓar da ke kusa za a kai shi.

Inda yasa take zama gyaran gangar Auzinawa

Ba kowace yasa ce alheri ba, kuma masu neman kuɗin ba su cika son a faɗi wannan ba.

A bakin kowane mashigi akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa wanda fitar ruwa take tarawa. Yana da kyau, yana kusa, ɗan kwangila yana son sa. Amma shi ne gadar da yashi ke bi ya tsallaka mashigin da kansa, kuma yana rage ƙarfin igiya. Idan aka kwashe shi da yawa, ramin zai cika kansa da yashin gaɓar da ke kusa. An ɗebo daga aljihun dama an sa a na hagu, an kuma biya kuɗin ɗauko. Haka duk ramin da aka haƙa kusa da gaɓa: igiya tana wucewa ta kansa ba ta rage gudu ba, ta doki wuri ɗaya. Masu haƙar yashi na kasuwa a bakin tekun Legas irin wannan ɓarnar suke yi, kuma ba ma'ana gwamnati tana zubawa da rana wasu suna kwashewa da dare.

Wanda ya fi kowanne zama darasi shi ne na Saint-Louis a Senegal. A Oktoba 2003 kogi ya cika yana barazanar cinye birnin, sai hukumomi suka yanka tudun yashin da ya raba kogin da teku, faɗin mita 4 kacal, don ruwa ya samu hanya. Birnin ya tsira a wannan shekarar. Yankan kuwa ya yi ta buɗewa har ya kai kilomitoci, teku ta cinye ƙauyen Doun Baba Dieye, gishiri ya kashe gonaki, masunta da dama suka mutu wajen tsallaka sabon mashigin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk wanda ya zo da shawarar a buɗe sabon mashigi ko a zurfafa tsoho sosai, a tambaye shi lissafin inda yashin zai koma.

Sannan akwai wuraren da maganin ba nasu ba ne. Ayetoro, garin da aka kafa a 1947 a Ilaje, wanda teku ta ci babban ɓangarensa, a kan laka yake zaune ba yashi ba. Yashin da aka zuba a kan irin wannan ƙasa nutsewa yake. Can aikin daban ne, na shinge da dasa itatuwan bakin ruwa, wani wurin ma sai dai a taimaki mutane su matsa. Kuma ko a Legas, yashin da ke isowa daga yamma ya ragu: madatsar Akosombo a ƙasar Gana ta tare na kogin Volta tun 1965, tashoshin Lome da Kwatano suna tare nasu. Yasar mashigi za ta rage ciwon sosai, ba za ta mayar da gaɓar 1900 ba.

"Masu kuɗin Lekki za a gyara wa"

Wannan ƙorafin yana da ƙarfi. Fili a bakin teku a Lekki ba na talaka ba ne, kuma da zarar an faɗaɗa gaɓa farashinsa zai tashi. Maganinsa sharaɗi ne. A Amurka gwamnatin tarayya kan ɗauki kashi 65 na aikin farko da rabin na sabuntawa, jiha da ƙaramar hukuma su cika sauran, amma gaɓar da aka killace aka hana jama'a shiga ba ta samun kason tarayya. Mu ma haka ya kamata: inda kuɗin jama'a ya taɓa, babu ƙofa babu mai karɓar kuɗin shiga, masunta suna da wurin ajiye kwalekwale, masu otal da rukunin gidaje su biya kasonsu. A kuma ja layin da ba a gini a gabansa. In ba haka ba sabon yashin zai zama sabbin fulotai, bayan shekara biyar masu fulotan su zo suna kuka a cece su.

Ɓarayi

Wannan ne ƙorafin da ba ni da amsa mai daɗi a kansa. Yasa ita ce kwangilar da ɓarawo ya fi so, saboda aikin a ƙarƙashin ruwa yake. Titi ko ba kyau ana ganin sa. Rami a ƙasan kogi kuwa, in an tambaya sai a ce an haƙa, ruwa ne ya sake cikewa.

Tarihinmu a nan bai da kyau. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yasar Kogin Neja daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, kuma mu a Arewa muka fi kowa murna. An buɗe tashar Baro a 2019. Ɗan kasuwar Kwari nawa ne kayansa suka taɓa biyowa ta nan? Hanyar jirage ta Kalaba an ba da kwangilar yasarta a 1996, aka sake a 2006, aka sake a 2014. Ayetoro ma an ba da kwangilar kare ta a 2004 da 2009, teku ba ta fasa ci ba.

Sai dai a lura da abu ɗaya. Kai yashi gaɓa shi ne nau'in yasa guda da ke fito da aikin fili. Wanda aka zubar a tsakiyar teku ba mai iya ƙirga shi, wanda aka jibge a gaɓa kuwa ana taka shi da ƙafa. Don haka a rubuta kwangilar a kan kubik mitar da aka samu a gaɓa, ta hanyar awon kafin aiki da na bayan aiki a kan layukan nan da aka yanka. Kada a biya da awannin da jirgi ya yi, kada a biya da abin da aka ce ya shiga rumbu, domin rumbu ruwa ma yana cika shi. Mai awon kada ya zama yaron ɗan kwangila, kuma a yi awon cikin 'yan kwanaki da gama kowane yanki. Manyan jiragen yasa suna ɗauke da na'urar da ke nuna inda suke a kowane lokaci, kowa yana iya bin sawunsu a intanet ya ƙirga sawu nawa suka yi. Akwai hotunan tauraron ɗan'adam na kyauta. Sakamakon awon a manna shi a fili, in an ƙi, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan. Kuɗin kafin alƙalami kuma kada ya fita sai da lamunin banki, sai kuma jirgi ya iso an gan shi.

Aljihun da za a taɓa

Masu neman ɗauki yawanci Asusun Kula da Muhalli suke nufa, wanda aka kafa a 1981 don irin su zaizaya da ambaliya da kwararowar hamada. A nan ne Bakano ya kamata ya buɗe ido. Asusun na kowa ne, ba shi da yawa, kuma an sha kuka da yadda ake karkatar da shi. Idan aka ɗora masa ciyar da gaɓar Legas duk shekara, abin da zai rage wa Kano da Jigawa da Yobe kaɗan ne. A bar shi ya ji da wurare irin su Ayetoro da ba su da tashar da za a kama.

Inda katangar tasha ce ta tare yashi, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya tana karɓar kuɗi a kan kowane jirgi da ya bi ta mashigin. Tsallakar da yashi ya shiga cikin kuɗin gudanar da tashar, kamar yasar kanta. Sabbin tashoshi irin ta Lekki, da duk wadda za a gina nan gaba, a sa musu shi cikin sharaɗin lasisi. Eh, ƙarshenta ɗan wani abu zai hau kan kuɗin kwantena, ya biyo ta har Kwari. Gara wannan, da saninmu, a kan a yashe asusun da muke jira.

Ƙa'idar kuma za ta yi mana aiki a gida. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suna tare yashin da kogunan ke saukowa da shi, a ƙasa kuma tifofi suna kwasar na cikin kogin dare da rana. Idan ana ɗiba fiye da abin da ambaliya ke kawowa, gindin kogi yana zurfafa, gaɓa ta rufta da gonar mutum, ƙafar gada ta fito fili, rijiyar mai noman rani ta ƙafe. Ciwon Bar Beach ne ba tare da gishiri ba. Idan aka kafa dokar cewa wanda ya tare yashi ko ya kwashe shi ne zai biya gyara, manomin bakin kogin Challawa ya samu abin kamawa.

Kano tana da 'yan majalisar wakilai 24 da sanatoci 3. Duk shekara hukumar tashoshi tana zuwa gaban majalisa kare kasafinta. Ya isa ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya nemi a ba shi a rubuce: kubik mita nawa aka yaso daga mashigin Legas da na Escravos a jihar Delta bara, nawa ne yashi mai kyau a ciki, kuma ina aka kai shi.